Abdulkarim Barth, Baturen Da Ya Bi Ta Kurfi Cikin 1853

Matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ko don aikin ofis, ko don makaranta, ko kuwa don ya kashe kwarkwatar idonsa a madatsar ruwa ta Zobe wadda aka kammala a kan kogin Karaɗuwa cikin 1983, ba ya bukatar wani dogon shiri. Kuɗin mota ne kurum, kafin rana ta take ya isa. Amma shekara 130 kafin a gama wannan madatsa, watau cikin watan Maris na 1853, wani Bajamushe ya iso Kurfi bisa doki tare da ayarin Galadiman Sakkwato, bayan ya shafe mako shida a Katsina yana shirin hanya. Sunansa na asali Heinrich Barth, mutanen ƙasashen da ya ratsa kuwa sun san shi da sunan da ya zaɓa wa kansa, Abdulkarim.

Su uku ne Turawan da suka taso tare daga Tarabulus cikin 1850, shi kaɗai ya koma gida da ransa. Masana tarihi sukan ce ƙarfin jikinsa ne ya taimake shi, ko kuwa iya harsuna, kuma duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani karatu da ya ɗauka tun tafiyar ba ta yi nisa ba, a cikin wani kwazazzabo na hamadar Sahara inda ya rage kaɗan ƙishirwa ta halaka shi, wanda kuma ya canza masa yadda yake shirin kowace tafiya har ƙarshen zamansa a ƙasashen nan.

An haifi Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ran 16 ga Fabrairu, 1821. Ubansa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri wanda bai yi karatu mai zurfi ba, saboda haka ya ɗauki alkawarin sai ɗansa ya yi. Yaron ya tashi ba shi da abokai da yawa, ba shi da fara'a, littattafai ne abokan hirarsa, tun yana makarantar sakandare kuma ya fara koyon Larabci da kansa. Cikin 1839 ya shiga Jami'ar Berlin, inda ya yi karatu a ƙarƙashin Karl Ritter, shahararren malamin labarin ƙasa, ya kuma sami digirin dakta cikin 1844 da wani bincike a kan cinikin tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka. Wannan sha'awa ta sanin abin da ake saye da sayarwa, da hanyar da kaya ke bi, da farashinsu, ita ce daga baya ta sa bayaninsa a kan kasuwar Kano ya fi na kowane baƙo da ya riga shi.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga gaɓar Bahar Rum da kuɗin ubansa, daga Maroko zuwa Tunis da Tarabulus da Masar, har Sham da ƙasar Turkiyya. Kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka far masa, suka harbe shi, suka kwashe kayansa har da yawancin takardun da ya rubuta. Da ya koma Berlin ya fara koyarwa a jami'a, amma ɗalibai ba su yi tururuwa zuwa ajinsa ba, don ba shi da baiwar riƙe masu sauraro. Yana cikin wannan hali ne labari ya zo cewa Gwamnatin Ingila za ta aiki wani Bature, James Richardson, ya ratsa Sahara ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan Sudan, ana kuma neman masani da zai raka shi. Jakadan Prusiya a London ya ba da sunan Barth da na wani saurayi masanin duwatsu, Adolf Overweg. An yarda da Barth bisa sharaɗin zai zuba fam 200 daga aljihunsa.

Sun bar Tarabulus a ƙarshen watan Maris na 1850 da raƙuma niƙi-niƙi da kaya, har da wani jirgin ruwa da aka yanka gida huɗu aka ɗora wa raƙuma don a haɗa shi a Tafkin Chadi. Suka isa Murzuk cikin watan Mayu, daga nan suka yi yamma suka nufi Gat. A wannan hanya ce Barth ya tarar da zane-zanen shanu da na mutane masu kawunan dabbobi an sassaƙa a jikin duwatsun wani kwari, ya kwafe su, ya kuma gane cewa lalle an yi zamanin da hamadar nan take da ruwa da ciyawar da za ta riƙe garken shanu. Yana cikin Turawan farko da suka kai wannan labari Turai.

DUTSEN IDINEN

Ganin waɗannan zane-zane ne ya jawo masa wahalar da ya sha bayan 'yan kwanaki. Arewa da Gat akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda daga nesa yake kama da rusasshen birni mai ganuwa da hasumiyoyi. Buzayen wurin sun ɗauke shi fadar aljannu, ba mai kusantarsa. Barth ya ƙudurta a ransa cewa wuri irin wannan ba zai rasa rubutun mutanen da ba, ya nemi a ba shi ja-gaba, kowa ya ƙi, suka kuma gargaɗe shi ƙwarai. Ya yi kunnen ƙashi. Da safiyar ran 15 ga Yuli, 1850, ya saɓa 'yar ƙaramar salka, ya zuba busasshen biskit da dabino a jaka, ya kama hanya a ƙasa shi kaɗai, da niyyar ya tarar da ayari a rijiyar da za su yi zango nan gaba, alhali kuwa bai san ainihin inda rijiyar take ba. Overweg ya bi bayansa zuwa wani wuri, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya juya.

Abin da ya fara yaudarar Barth shi ne ido. A sararin hamada iska ba ta da laima, dutsen da yake nisan tafiyar sa'o'i sai ya zama kamar a miƙa hannu a taɓa. Ya yi ta tafiya bisa baƙar tsakuwa mai zafi, da ya zaci ya iso gindin dutsen sai ya tarar da wani kwazazzabo mai zurfi ya raba shi da shi, dole ya gangara har ƙasa sa'an nan ya sake hawa. Ya kai ƙololuwa da hantsi a gajiye liƙis, bai sami rubutu ko zane ko ɗaya ba. Guzurin da ya ɗauko ma ya ƙi ciwuwa, don busasshen abinci ba ya wucewa a busasshen maƙogwaro.

Da ya sauko ya shanye sauran ruwansa wajen tsakar rana, sa'an nan ya lura cewa ya ɓata. Ya harba bindigarsa, ba wanda ya amsa. Ya ja jiki zuwa gindin wata bishiya wadda ba ta da ganyen kirki, ya kwanta, zazzaɓi ya rufe shi. Da dare ya hango wutar ayarinsu can kudu, amma ba shi da ƙarfin tashi, ba shi ma da ƙarfin tara itace ya hura tasa wutar. Gari ya waye, rana ta fito, ya riƙa jan kansa yana bin 'yar inuwar kututturen bishiyar har ita ma ta ƙare. Da ƙishirwa ta kai masa iyaka sai ya tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa, daga nan hankalinsa ya gushe. Can da yamma ya ji kukan raƙumi. Wani Buzu ne mai suna Musa, wanda ya bi sawunsa bayan Richardson ya sa lada mai tsoka ga duk wanda ya gano shi. Musa ya fara yayyafa masa ruwa a ka tukuna, sa'an nan ya ba shi ya sha, ya ɗora shi a raƙumi ya kai shi zango. Buzaye suka yi ta mamaki, don a saninsu wanda ya ɓata a wannan wuri da bazara ba ya wuce yini guda da rai.

Mai karatu zai lura cewa duk abin da ake hana matafiyi yi, Barth ya haɗa shi a rana ɗaya. Ya tafi shi kaɗai, ya raina maganar 'yan ƙasa don sun kawo ta da sunan aljannu, ya ɗauki ruwan da bai kai ba, ya fita a tsakiyar zafi, bai kuma san wurin da zai koma ba. Ko da aljannu ko babu, gargaɗin Buzayen yana kan hanya.

Bayan sun huta a Gat suka hau wani tudun duwatsu, suka gangara ta wata matsatsiyar hanya zuwa kwazazzabon da Barth ya rubuta sunansa Egeri, ya kuma zana hotonsa, bangayen dutse sun miƙe sama ta kowane gefe. Waɗannan tsaunuka na kan iyakar Libiya da Aljeriya su ne ake kira Tassili, kuma a yau suna cikin manyan wuraren da masu yawon buɗe ido ke marmarin gani. Aljeriya ta keɓe nata ɓangaren ya zama gandun ƙasa cikin 1972, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya cikin 1982. Faɗinsa murabba'in kilomita 72,000 ne, watau kusan ninki uku na Jihar Katsina, an kuma ƙidaya zane-zane fiye da 15,000 a jikin duwatsunsa. Mai niyyar zuwa yakan sauka a garin Djanet, ya zaɓi watannin sanyi, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, hukuma kuwa ba ta barin baƙo ya shiga sai da ja-gaba, galibi Buzu ɗan wurin. Mai son hawa kan tudun da ƙafa zai hau, jakuna na biye da ruwa da abinci. Tsaunukan Akakus da ke kusa da Gat sun shiga wannan jeri na UNESCO cikin 1985, na Azbin da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar kuma cikin 1991.

Haka abin yake har a Amurka, a babban kwazazzabon nan na Jihar Arizona da ake kira Grand Canyon, wanda aka mai da shi gandun ƙasa cikin 1919, zurfinsa kuma ya kai mil guda. Hukumar wurin tana gargaɗin baƙi kada su gangara zuwa kogin da ke ƙasa su ce za su hawo a rana ɗaya, duk da haka kowace shekara sai an ceto mutane da dama. Dalilin a fili yake. Mai hawan dutse da wahala yake farawa, in ya gaji ya juyo gangare. Mai shiga kwazazzabo kuwa da sauƙi yake farawa, zafi na ƙaruwa yana ƙara yin ƙasa, hawan kuma yana jiransa a lokacin da ruwa da ƙarfi suka ƙare.

Daga Idinen ba a sake jin Barth ya yi irin wannan ganganci ba. Ya koma mai yawan tambaya. Duk wanda ya haɗu da shi, ko madugu ne, ko alhaji, ko bawa, sai ya zaunar da shi ya tambaye shi zango nawa ne daga gari kaza zuwa gari kaza, ina rijiya, wa ke da ikon hanya, ya rubuta. A kan raƙumi ko doki agogo da kamfas ba sa barin hannunsa. A ƙasar Azbin, inda aka tare su aka ƙwace musu dukiya mai yawa, ya kama koyon Hausa gadan-gadan, don ya ga ita ce harshen ciniki a can. Cikin Oktoba 1850 ya ziyarci Agadas ƙarƙashin kariyar mutanen Annur, shugaban Buzayen Kel Owi, sa'an nan suka biyo ayarin gishiri zuwa Damargu. A nan Turawan uku suka rabu cikin Janairu 1851, da alkawarin za su haɗu a Kukawa.

Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa ya iso Katsina hannunsa ba kome. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya riƙe shi kwana da kwanaki yana neman gaisuwar da ta dace da sarauta, ya sha da ƙyar ya wuce. Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman, da bashi a wuyansa da zazzaɓi a jikinsa, amma wannan bai hana shi zaga birnin bisa doki ya zana taswirarsa ba. Ya kiyasta mazaunan birnin 30,000, su kan kuma ninka a lokacin da fatake suka cika gari, ya bi diddigin tufafin da ake saƙawa a rina a Kano har zuwa Tambutu da Murzuk da Tarabulus.

Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a Ngurutuwa cikin watan Maris. Barth ya isa a farkon Afrilu, Shehu Umar da Wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi hannu biyu. Daga Kukawa ya yi tafiye-tafiye huɗu. Ya je Adamawa, ya ga kogin Binuwai ran 18 ga Yuni, 1851, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi daga Yola bayan 'yan kwanaki saboda ya zo da mutanen Barno. Ya je Kanem, ya je Bagarmi inda aka taɓa sa masa mari a ƙafa, ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga kamun bayi da kisan gilla da idonsa ya rubuta. Wannan tafiya ta Musgu ta jawo masa zargi a Ingila, kuma zargin yana da tushe, ko da yake ba don ita ba da ba a sami shaidar abin da ya faru ba. A Kukawa ne kuma ya sami girgam na sarakunan Barno da littafin Imam Ahmad ibn Fartuwa a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma. Overweg, wanda ya haɗa jirgin nan ya zaga tsibiran Tafkin Chadi, zazzaɓi ya kashe shi a bakin tafkin cikin Satumba 1852.

DAGA KATSINA ZUWA KURFI

Barth ya rage shi kaɗai, yana da shekara 31, sai ya yanke shawarar ya nufi Tambutu. Ya bar Kukawa ran 25 ga Nuwamba, 1852, ya tsaya a Damagaram har kuɗin da aka aiko masa suka iso, ya shigo Katsina a farkon Fabrairu 1853. A wannan zuwa na biyu ne ake ganin bambancin mutumin da ya hau Idinen da wanda ƙishirwa ta horar.

Ya san cewa a yammacin Kwara kuɗin azurfa ba su da amfani kamar tufa, saboda haka ya juyar da yawancin dukiyarsa zuwa kayan Kano da na Nufe a kasuwar Katsina: turkudi, da riguna kore, da baƙaƙen rawuna irin waɗanda Buzaye ke so, kowane da irin mutumin da za a ba. Ya sayi tabar Katsina, wadda ake daraja ta har Tambutu. Ya tanadi salkuna, da fatun rufe kaya don damina na tafe. A Katsina ma ya riƙa ba marasa lafiya magani, abin da ya sa ya yi farin jini a gari. Yana da amintaccen baransa Muhammadu, mutumin Gatrun ta ƙasar Fezzan, da wasu samari biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, da wani dillali Balarabe da ya ɗauka don ya riƙa shiga tsakani. Sarki Muhammadu Bello ya sami gaisuwarsa tun da wuri, ba a sake yin ja-in-ja irin ta da ba.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne ya ƙi tafiya shi kaɗai. A wannan zamani Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suna kai hari a kan hanyar Katsina zuwa Sakkwato, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa rundunarsu ta fito. Galadiman Sakkwato yana gari ya zo karɓar haraji, sai Barth ya haƙura ya jira shi, ko da yake hadari ya fara haɗuwa, kowace rana kuma guzuri raguwa yake yi. Sai ran 21 ga Maris suka tashi, maimakon kuma su miƙe yamma sai suka karkata kudu don su kauce wa maharan.

Wannan karkata ce ta kawo shi Kuraye, daga nan Kurfi. Ya rubuta labarin ƙasa mai albarka da gonaki da shanu, da curin duwatsu da suka taso ko'ina a kewayen garin. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda aka tsare garin. Ya tarar da mutane da yawa a ciki waɗanda yaƙi ya tashi garuruwansu suka taru a nan, an kuma yi ganuwa da ramuka a jere a gaban ƙofa, yadda mahayin doki ba zai iya afkawa kai tsaye ba, har ya zana siffar wannan gini a littafinsa. Ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Isa Kaita, in yana neman yadda wannan yanki yake a tsakiyar ƙarni na 19, da wuya ya sami shaidar gani da ido da ta riga wannan.

Daga Kurfi suka wuce Zakka, suka shiga dajin da ya raba Katsina da Zamfara, suna ratsa kufan garuruwa cikin sauri da tsoro, har suka fita wajen Zurmi. Wanda ya san labarin dajin Rugu a shekarun nan ba zai yi mamakin wannan tsoro ba. Gaba kuma ga dajin Gundumi, wanda babu gari babu rijiya a cikinsa. Suka cika salkuna a Sansanin Isa, suka yi tafiyar sa'a 26 ba zango, mutane na faɗuwa don gajiya, har suka iso Gawasu inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya kafa sansani zai fita yaƙi. Sarkin Musulmi ya karɓe shi da kyau, ya ba shi takardar amincewa ga fataken Ingila da iznin wucewa yamma.

Zamansa a Wurno da Sakkwato da Gwandu ya yi shi ne tare da malamai. Ya gana da Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya ɗauka a kan mafi ilmin mutanen da ya tarar a ƙasar, ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. A Gwandu aka ara masa Tarikhus Sudan, ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya, ta haka Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai. Ya yi kuskure ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne ya wallafa shi, amma ya tabbatar wa masu musu cewa ƙasashen nan suna da rubutaccen tarihi.

Ya ƙetare Kwara a Say ran 20 ga Yuni, 1853, ya ratsa Gurma da Liptako da duwatsun Hombori cikin ruwan damina. A nan ne kaɗai ya ɓoye addininsa, ya ce shi Sharifi ne daga gabas yana kai wa Shehu littattafai, don ƙasar tana hannun Fulanin Masina waɗanda ba za su bar Kirista ya wuce ba. Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba, 1853. Asirinsa bai daɗe ba ya tonu, Sarkin Masina Ahmadu ya aiko daga Hamdallahi a ba da shi ko a kore shi. Wanda ya tsaya masa shi ne Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta, babban malamin Ƙadiriyya, wanda ya kafa hujja da shari'a cewa baƙon da ya shigo da amana ba a taɓa shi, ya fitar da shi zuwa zangonsa na bayan gari, ya kira Buzaye su tsare shi. Barth ya san cewa Manjo Laing, Baturen Ingila da ya zo garin cikin 1826, bai yi nisa da barinsa ba aka kashe shi, saboda haka ya danne zuciyarsa ya jira wata takwas. Cikin Mayu 1854 Shehun da kansa ya rako shi, suka bi gaɓar Kwara har Gao.

Da ya komo Kano cikin Oktoba 1854 sai ya tarar an daɗe da baza labarin mutuwarsa, har jaridun Turai sun yi ta'aziyya, kayan da ya bari a Damagaram kuma an tafi da su. Dole ya ci bashi da ruwa mai tsanani a hannun fataken Gadamas. A kan hanyar Kukawa, a tsakiyar daji kusa da Bundi, ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, Bajamushen da aka aiko neman labarinsa, rabonsa da ganin Bature shekara biyu ke nan. Vogel ya wuce Wadai daga baya, can aka kashe shi cikin 1856. Barth ya ratsa hamada ta Bilma, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta 1855, ya sauka London ran 6 ga Satumba, bayan tafiyar fiye da mil 10,000 cikin shekara biyar da rabi.

Bai sami tarbar da ya zata ba. An ba shi lambar zinariya ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila da wata lambar girma ta Sarauniya, amma jama'a sun fi son labarin Livingstone, shi kuwa Bajamushe ne, mai saurin fushi, wanda ba ya mance ƙaramin raini. Littafinsa ya fito cikin 1857 da 1858 da Turanci da Jamusanci, juzu'i biyar, shafi wajen 3,500, cike da sunayen garuruwa da rijiyoyi da farashin gero, masu karatun Ingila suka ce ya yi nauyi. Nauyin nan shi ne amfaninsa ga masu binciken tarihin Nijeriya da Nijar da Mali a yau, ko da yake ba a mance ba cewa taswirorinsa sun yi wa sojojin mulkin mallaka amfani bayan shekara hamsin. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda Ingila ta yi watsi da al-Bakkay. Shehun ya aiko da wakilai bisa maganar da suka yi, suka iso Tarabulus, aka mai da su gida, don a lokacin Ingila ba ta son ɓata wa Faransa rai.

Ya koma Berlin, ya wallafa littafin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka, ciki har da Hausa da Barbarci da Fulatanci, ya ci gaba da yawo a ƙasashen Turkiyya da Balkan. Sai cikin 1863 aka ba shi kujerar farfesa, ita ma ba cikakkiya ba. Bai yi aure ba. Ciwon ciki ya kama shi, ya mutu ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, aka binne shi a Berlin. Gidajen da ya sauka a Agadas da Tambutu an san su da sunansa.

Samarin nan biyu da suka bi shi ta Kurfi sun raka shi har Ingila da Jamus. Wani limamin Kirista, J. F. Schön, ya zauna da Dorugu ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi daga bakinsa, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa cikin 1885, suna kuma cikin rubutun Hausa na boko mafi daɗewa. Abbega ya komo ya zauna a Lakwaja har ya yi sarautar garin. Dorugu ya komo ƙasar Hausa ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu cikin 1912.